Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Rage Wa Jaririnta Haɗarin Kamuwa da Kirci

Jaririn da kirci ya kama yana wata biyu ko uku bai iya susa da hannu ba tukuna, sai ya yi da abin da ya samu. Ya goga kumatu a kafaɗar uwa, ya goga a zanin goyo, ya yi ta murza ƙeya a katifa har gashin wurin ya kaɗe. Dare ya yi, ba shi ba barci, uwar ma haka. Wannan ciwon fata, wanda likitoci ke kira ekzima, yana cikin waɗanda suka fi damun yara a duniya. A wasu ƙasashe yakan kama kusan yaro ɗaya cikin biyar, kuma fiye da rabin waɗanda zai kama yakan bayyana a jikinsu kafin su cika shekara. Ba a ɗaukarsa daga wani, amma yana hana gida sakat.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu: babu abinci, babu ƙwaya, babu man shafawa da mai ciki za ta yi amfani da shi a ce tabbas ɗanta ya tsira. Kaso mai tsoka na ciwon gado ne. Abin da ke hannunki shi ne rage haɗarin, da rage tsananinsa in ya zo. Za ki kuma lura cewa yawancin matakan da ke ƙasa ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Wasunsu ma barin kashe kuɗin ne.

Fara da sanin ciwon da ake magana a kai

A unguwa, duk abin da ya fito wa yaro a fata sunansa ƙuraje, kuma kowa da maganinsa. To kirci daban yake da ƙyasbi da makero, waɗanda naman gwari ke kawowa. Daban yake da ƙazwa, wadda wani ɗan ƙwaro ke kawowa kuma take bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Daban yake da ƙurajen zafi na bazara.

Kirci matsala ce ta ginin fatar kanta. Saman fata kamar katangar laka ce mai yaɓe: in yaɓen ya yi kyau, damshin ciki ba ya tserewa, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta ba sa kutsawa. A jikin mai kirci yaɓen ne ba shi da ƙarfi, sai fatar ta bushe, abubuwan waje su shiga, garkuwar jiki ta tashi da faɗa, ƙaiƙayi ya biyo baya. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotlan suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana cikin manyan sabubban hakan ga Turawa. Irin wannan tangarɗar ba ta da yawa a tsakanin 'yan Afirka, amma ciwon yana nan a wurinmu, kuma yana bin dangi kamar yadda yake yi a can.

A littattafan likitanci za ki ga hoton jariri fari da kumatu jajir. A baƙar fata ba haka yake fitowa ba. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje masu kaushi a gindin gashi. Ga jariri, kumatu da goshi da kai da bayan hannuwa da ƙafafu ne wurarensa, wurin kunzugu kuwa yawanci yakan bar shi.

Ki binciki gidanku da gidan maigida

Tambayoyi uku ne. Akwai wanda ya yi kirci yana yaro, ke ko shi ko ɗaya daga cikin 'ya'yanku? Akwai mai asma? Akwai mai yawan atishawa da ƙaiƙayin hanci da ido, musamman in hunturu ya shigo ko an share ɗaki? Waɗannan uku 'yan gida ɗaya ne. In ɗayanku yana da ɗaya daga ciki, haɗarin ya ƙaru. In ku biyun ne, ya ƙara hawa.

Kada ki tsaya ga abin da maigida ya tuna, domin yara da yawa kan rabu da ciwon kafin su yi wayo. Mahaifiyarsa ko yayarsa ce za ta tuna cewa sai da aka riƙa sa masa safa a hannu da dare. In amsar duka a'a ce, ki bi matakan nan hankalinki kwance. In akwai e, ki ɗauki sashen shirin haihuwa da muhimmanci sosai, kuma ki faɗa wa masu awo.

Watanni uku na farko: awo, da rufe ƙofar kemis

Ki fara awo da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Maganin ƙarin jini da folik asid da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus ba don kirci ake ba da su ba, amma kada ki bar ko ɗaya saboda wani ya ce ƙwayoyin asibiti ne ke sa yaro ƙuraje. Ƙarancin jini da maleriya sun fi kirci haɗari nesa ba kusa ba.

A awon farko ki ce a rubuta tarihin dangin nan a katinki. Ki kuma kwaso duk abin da kike sha ko shafawa, har da jiƙe-jiƙen gargajiya da man ƙarin hasken fata, ki nuna.

Sai batun kafso. Mace ta ji ƙaiƙayi ko fitsari mai zafi, ta ce ciwon sanyi ne, ta aiki yaro kemis ya haɗo mata ja da yalo. Wannan ɗabi'ar ki ajiye ta har ki haihu. Bincike da dama sun nuna cewa yaran da iyayensu mata suka sha antibayotik lokacin ciki sun ɗan fi saurin samun kirci. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne maganin yana kashe har da bakteriya masu amfani da ke hanji da gaban uwa, su ne kuwa jariri ke fara gada wajen haihuwa, su koya wa garkuwar jikinsa bambance abokin gaba da baƙon da ba shi da laifi. Ban da haka, tetirasayikilin, wato ja da yalon nan, yana ɓata haƙoran yaro tun yana ciki. Amma fa in an gwada fitsarinki aka ga cuta, likita ya rubuta magani, ki shanye shi duka. Cutar mafitsara da aka bari takan hau ƙoda ta jawo haihuwar bakwaini.

Abinci: kada ki bar komai don tsoro

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mace ta ga ɗanta na fari ya sha fama, sai a ce mata a wannan cikin ta bar ƙwai, ta bar gyaɗa, ta bar madara da kifi. Likitocin Turai da Amurka ma sun taɓa ba da irin wannan shawarar game da gyaɗa, suka janye ta wajen 2008 da 2009 da hujja ta ƙi goyon bayanta. Da cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan hana masu ciki irin waɗannan abinci, ta samu cewa bai kare yaran daga kirci ba, sai ma ya rage nauyin da ya kamata uwa ta ƙara. A wurinmu da mata da yawa ke shiga ciki da ƙarancin jini, hana mace ƙwai da kunun gyaɗa garin neman gira ne a rasa ido.

Abu ɗaya kawai za ki bari: wanda ke kanki in kin ci yake tayar miki da borin jini ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi.

Sauran kuwa ki faɗaɗa. Ga yadda za ki tsara mako:

Kifi sau biyu, ɗaya daga ciki mai maiƙo. Kifin ƙanƙara irin su Titus da shawa, ko sadin na gwangwani, sun fi tarwaɗa da karfasa yawan man nan da ake kira omega-3, ko da yake na ruwan namu ma suna gina jiki. Sakamakon bincike a kan kifi da kirci ya rabu, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba, amma amfaninsa ga ƙwaƙwalwa da idon jariri ya isa dalili. Ki dafa shi ya nuna sosai. Kifi banda ki wanke shi da ruwan zafi, kuma ki saya wurin wanda kika yarda da shi, don akwai masu fesa masa maganin ƙwari. Man hantar kifi na kwalba kada ki sha, bitamin A ɗin da ke ciki ya yi wa ɗan tayi yawa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ake cewa mai ciki ta yi hankali da cin hanta.

Gyaɗa, wake, nama ko kaza gwargwadon hali. Wani bincike a Southampton ta Ingila da aka wallafa a 2016 ya samu cewa matan da jininsu ke da yawan nikotinamayid, wani nau'in bitamin B3, 'ya'yansu sun fi tsira daga kirci a shekarar farko da kusan kashi 30 cikin 100. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar da cewa shi ne sababi ba, amma gyaɗa da kifi da nama su ne gidan wannan bitamin, kuma ga su a kasuwa. Ki tsince gyaɗar da ta yi funfuna ko take ɗaci ki zubar, gubar da ke cikinta tana cutar da hanta.

Ganye kullum: zogale, alayyafo, rama, kuka, yakuwa, duk wanda ya samu. Kayan marmari na lokacinsu, mangwaro a bazara, lemu da gwaiba da kankana in sun shigo. Tuwon dawa ko gero ko masara da ba a surfe shi ƙal ba ya fi farar shinkafa da taliya ciyar da bakteriyar hanji.

Jiƙon ɗaci da ake ba mata a ƙarshen ciki da sunan maganin zaƙi ba ya wanke wa jariri fata, kuma babu mai iya gaya miki adadin abin da ke cikin kofi guda. Ki tambayi masu awo kafin ki kai shi baki.

Daga wata na huɗu: rana da bitamin D

A Ingila an yi wani gwaji mai suna MAVIDOS, inda aka raba masu ciki gida biyu tun daga mako na 14. Rabi suna shan bitamin D awo 1000 na IU, wato ma'aunin bitamin, kullum har haihuwa, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2022 a kan yara kusan 700 ya nuna cewa a cikar shekara ɗaya, kashi 7 cikin 100 na 'ya'yan masu shan bitamin ne ke da kirci, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 12. Amfanin ya fi fitowa ga yaran da suka sha nono fiye da wata guda. Da yaran suka kai shekara biyu da huɗu, tazarar ta ragu.

Za ki ce mu da rana ke dukan mu, ina ruwanmu da wannan? Ai rana tana waje, fata ce ke buƙatar ganin ta. Matar da ke wuni a ɗaki, in za ta fita ta rufe jiki duka, ta shiga Keke Napep ta sauka a wani ɗakin, tana iya rasa bitamin D a tsakiyar Sakkwato. Baƙar fata kuma ta fi fara jinkirin sarrafa shi. Maganin yana tsakar gida: da hantsi ki zauna minti 20 zuwa 30, hannuwa da ƙwauri a buɗe, kina tsintar shinkafa ko gyaran ganye, sau uku ko huɗu a mako. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aikin. In gidanku bene ne ko ba inda za ki zauna a sirrance, ki gaya wa likita ya duba ko za a ƙara miki na ƙwaya. Ki fara duba takardar maganin awon da kike sha, wasu akwai shi a ciki. Kada ki wuce abin da aka rubuta miki, domin yawansa yana taruwa a jiki.

Hayaƙi

Sigari da shisha babu su, kuma babu mai sha a ɗakin da kike kwana ko motar da kike ciki. Yaran da ke tashi cikin hayaƙin taba an fi samun su da kirci da asma. Maigida mai sha ya fita waje, ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya ɗauki jariri in an haife shi.

Hayaƙin icce da gawayi da kara an san shi da rage nauyin jariri da jawo ciwon huhu, don haka ko ba don fata ba ya cancanci a rage shi. Ki fito da murhu fili, ki yi amfani da busasshen icce, ki zauna ta inda iska ke fitowa. Janareta ya yi nesa da taga. Gidan sauro mai magani ya maye gurbin maganin sauro na kunnawa. Turaren wuta, na san ba za a bari ba, musamman 'yan'uwanmu na Barno. To a turara ɗakin kina waje, a buɗe taga, sannan ki shigo.

Ban da wannan, kada ki ɗora wa kanki tsabtar da ta wuce hankali. Gwaje-gwajen da aka yi na yaƙi da ƙwarin ƙura a katifa da shimfiɗa ba su hana kirci fitowa ba. Wani bincike a ƙauyukan ƙasashe biyar na Turai ma ya samu cewa matan da ke hulɗa da dabbobin gona lokacin ciki, 'ya'yansu sun fi tsira. Saboda haka ba sai an sayar da awakin gida ba. Abu biyu dai ki bar wa wani: kwashe kashin mage, da taimakon akuya ko tunkiya wajen haihuwa, don akwai cututtukan da ke bi ta nan su zubar da ciki.

Fatarki da hankalinki

In ke kanki mai kirci ce, ciki yana iya tayar da shi. Ki ci gaba da shafa mai sosai, ki nuna wa likita man maganin da kike amfani da shi. Masu sauƙi da matsakaitan ƙarfi ana amfani da su da ciki, masu ƙarfi sosai ne ake taƙaitawa. Mayukan bilicin ki ajiye gaba ɗaya, da yawansu na ɗauke da sitiyarod mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburin fata, ko sinadarin makuri mai guba, kuma suna ratsa fata su shiga jini. Baƙin lalle mai haɗin rinin gashi shi ma yana tayar da fata.

Ƙaiƙayi ɗaya ne ba a jira da shi: wanda ke damun tafin hannu da tafin ƙafa, ya tsananta da dare, babu ƙurji, wani lokaci da fitsari mai duhu, a watannin ƙarshe. Yana iya zama matsalar hanta mai haɗari ga jariri. Ki je asibiti a ranar.

Maigida, wannan naka ne. Bincike a ƙasashe daban-daban ya ga alaƙa tsakanin damuwa mai tsanani ga mai ciki da kirci ga ɗanta. Ɗaukar ruwa da daka da rigimar gida, duk abin da za ka iya sauke mata ka sauke. In ta daina barci, ko tana yawan kuka ba dalili, ka raka ta awo a faɗa.

Wata na takwas da na tara: bakteriya masu amfani

A birnin Turku na Finlan, an ba matan da danginsu ke da irin waɗannan cututtuka wata bakteriya mai amfani, Lactobacillus GG, makonni biyu zuwa huɗu kafin haihuwa, aka ci gaba da ba uwa mai shayarwa ko jaririn har wata shida. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya ba da mamaki: kashi 23 cikin 100 suka yi kirci, a ɓangaren da ba a ba su ba kuwa kashi 46. Da aka maimaita a Jamus da wannan bakteriyar, ba a ga bambanci ba. A Niyu Zilan wani nau'in ya yi aiki, wani bai yi ba. A 2015 Ƙungiyar Masana Alaji ta Duniya (alaji shi ne jiki ya ƙi abin da ba ya cutar da sauran mutane) ta ce masu cikin da 'ya'yansu ke cikin haɗari za su iya amfani da furobayotik, wato irin waɗannan bakteriya masu amfani, ta kuma bayyana cewa hujjar mai rauni ce.

Ra'ayina shi ne, in kirci ya yi ƙarfi a danginku kuma kuna da hali, ki tambayi likita ya zaɓa miki nau'in da aka gwada, ki fara wajen mako na 35 ko 36, ki ci gaba lokacin shayarwa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma tuna cewa abu ne mai rai, zafin shago yana kashe shi. In babu hali, kada ki ci bashi a kansa. Yogot ko kindirmo kofi guda a rana abinci ne mai kyau, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauko cututtukan da ke kashe ɗan tayi, don haka ki tambayi mai nonon, in kina shakka ki kwantar da naki a gida. Koko da daddawa kuwa, wuta ta riga ta kashe abin da ke cikinsu kafin su iso baki.

Ki shirya wankan farko tun kafin naƙuda

Wannan matakin, a ganina, ya fi duk na baya tasiri, kuma shi ya fi wuya, don ba ke kaɗai ke da iko da shi ba. Ranar da kika haihu kina kwance a gajiye, jariri yana hannun kaka ko ungozoma, ga ruwan zafi ga soso ga sabulun salo. An yi imani cewa in ba a dirje farin maiƙon nan da aka haife shi da shi ba, zai tashi da warin jiki. Alhali maiƙon nan shi ne man shafawarsa na farko, yana riƙe damshi, yana kare fata daga ƙwayoyin cuta, kuma da kansa yake nutsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko awa 24, in al'ada ba ta bari ba to aƙalla awa 6. A goge jini da tsumma mai laushi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe su tare.

Ba a yin wannan maganar ranar haihuwa. In cikin fari ne kuma kunya ba za ta bar ki ba, ki bi ta hannun yayarki ko gwaggonki, ko ki roƙi wadda za ta yi miki wankan jego ta raka ki awon ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ta faɗa da bakinta. Abin da babba zai ƙi ji daga suruka yakan karɓa daga mai farin kaya. In kuma ke za ki faɗa, ki jingina shi da asibiti: "Hajiya, sun ce tunda Abbansa ya yi wannan ƙaiƙayin yana ƙarami, a bar shi sai gobe kafin a yi masa wanka, kuma ban da soso."

Wankan kansa ga yadda za a yi. Ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki ba ta jin zafinsa. Minti biyar zuwa goma. A makonnin farko ruwa zalla ya wadatar, sabulu sai inda ya ɓaci, shi ma mara ƙamshi. Ban da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan, ban da sabulun magani. A tsane jiki da dannawa a hankali, kada a goge. Cibiya a sa mata man kulohekzidin da asibiti ke bayarwa.

Kayan sawa na auduga ki tanada. Sabo ne ko gwanjo, a wanke kafin a sa, a ɗauraye sau biyu. Kada a turara su, kada a fesa musu turare, kada kuma a ajiye su da kafur, wanda ke jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Lalle a jikin jariri ma yana yin hakan ga irin waɗannan yaran. Hular ulu da rigar sanyi da bargo a watan Afrilu azaba ce, gumi yana tayar da ƙaiƙayi. Hoda da man zafi ki cire su daga kwandon.

Batun mai yana buƙatar bayani. An daɗe ana zaton shafe jariri da mai kullum tun daga haihuwa zai hana kirci. Manyan gwaje-gwaje biyu da suka fito a 2020, ɗaya a Ingila da jarirai 1,394, ɗaya a Nowe da Suwidin da jarirai 2,397, ba su ga kariya ba, na Ingilar ma ya ga alamar ƙaruwar cututtukan fata kaɗan. Saboda haka mayukan nan masu tsada da ake tallatawa a Instagram ba dole ba ne. Amma fatar da ta bushe, musamman da hunturu, a shafa mata. Basilin fari mara ƙamshi ya isa, ko man kaɗe mai tsabta in fatar ta karɓe shi. Man zaitun a ci shi, yana da albarka, sai dai wani gwaji a Mancesta a kan jarirai 115 ya nuna cewa shafa shi yana jinkirta ƙwarin fatar jariri. Man gyaɗa kada ya taɓa fatar da ta tsage, domin ta nan jiki kan koyi ƙin gyaɗa. Wannan ne kuma ya sa za ki wanke hannu kafin shafawa, musamman in daga girki kike, ki ɗebi man da cokali mai tsabta.

Nono, da abin da ke biye

Ki sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma dakashi ba abin zubarwa ba ne. A Belarus an bi iyaye mata da jarirai sama da 17,000, inda aka ƙarfafa shayarwa a wasu asibitoci aka bar wasu yadda suke. Kirci a shekarar farko ya tsaya a kashi 3 cikin 100 a rukunin farko, kashi 6 a na biyu. Nono zalla wata shida, ba ruwa, ba zuma. Ke kuma ki ci komai. Madarar gwangwani ta waken suya ko wadda ake cewa ta musamman ce don alaji ba ta hana kirci.

Da ya cika wata shida, ki shigo da dafaffen ƙwai da kunun gyaɗa mai laushi cikin abincinsa, kada ki jinkirta. Gwajin LEAP na Landan a 2015, a kan jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko alajin ƙwai, ya nuna cewa fara gyaɗa da wuri ya rage alajinta da kusan kashi 80 cikin 100. In kircin yaron ya yi tsanani, likita ya gan shi kafin cokalin farko. Ƙwayar gyaɗa guda-guda kuwa ba a ba ƙaramin yaro, tana shaƙe shi.

In duk da haka kika ga kumatu sun fara kaushi yana gogawa, to yanzu mai ya zama magani: a shafa sau uku ko huɗu a rana, da kuma nan take bayan wanka, a yanke masa farce. Kada ki karɓi man tub ɗin nan mai aiki uku da maƙwabciya za ta miƙo. Sitiyarod ɗin da ke ciki ya fi ƙarfin fatar jariri, zai kwantar da ciwon kwana biyu, ya sirantar da fatar, ya dawo da ƙarfi. Likita yakan fara da haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanaki, in abin ya ƙi ya tura ku wurin likitan fata, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe kada ya sumbaci yaron. In wurin ya fara tsattsafo da ruwa ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ku je asibiti a ranar. In kuma ƙananan gyambuna masu kama da juna suka fito a tare kamar an huda, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi nono, ko tsakar dare ne ku tafi.